Tallafin ƙetare da shigar talakawa harkar mulki a Tasawa da Mayahi

Tasawa da Mayahi gundumomi biyu ne na jihar Maradi a Jamhuriyar Nijar, kuma tun shekarun 1990 suna cikin wuraren da masu ba da tallafi na ƙetare suka zuba kuɗi don talaka ya samu ta cewa a harkar mulkin garinsu. Mutanen karkara dai duk wani aiki irin wannan “porje” suke ce masa, ko na rijiya ne ko na taro.

Abin ya samo asali ne daga taron ƙasa na 1991, wanda ya buɗe ƙofar jam'iyyu da ƙungiyoyi masu zaman kansu. A shekarar ce ƙungiyar CARE, da gudunmawar mutanen Norway, ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, ƙarƙashin jagorancin Moira Eknes. An gina shi a kan adashin da mata suka saba. Mata kamar talatin su haɗu sau ɗaya a mako, kowace ta zuba abin da aka yanke a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku dabam-dabam. Mai buƙata ta ci bashi, ta biya da ɗan ƙari. Idan zango ya cika a fasa asusu a raba. CARE ba ta sa ko dala a akwatin ba, horo kawai ta bayar. Wannan ne sirrin ɗorewarsa, don kuɗin da mace ta tara da sayar da ƙuli-ƙuli ba ta wasa da shi.

Ba don siyasa aka kafa shi ba. Sai dai matar da ta saba zaɓen shugaba da ma'aji, ta saba tsayawa gaban jama'a ta ƙirga kuɗi da baki, ba a rufe mata baki a dandalin gari. Ƙungiyoyin suka haɗu suka zama gamayya, suka buɗe rumbunan tsimi, waɗanda suka yi rana a yunwar 2005. Daga Maradi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta.

A Mayahi an yi wani gwajin dabam. Wajen shekarar 2000 asusun FENU na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa majalisun gwaji tun kafin gwamnati ta shirya zaɓen ƙananan hukumomi, ya ba su kuɗi su zaɓi da kansu abin da za a gina: aji, rijiya ko ɗakin shan magani. Tasawa kuwa ta ƙulla ƙawance da garin Conflans-Sainte-Honorine na Faransa.

Ranar 24 ga Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasar. Gundumar Mayahi ta samu takwas, ciki har da Kanan Bakashe da Sarkin Hausa, Tasawa ta samu bakwai, irin su Korgom da Maijirgi da Urafan. Dokar 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, don haka jam'iyyu suka shiga neman matan da za su tsayar, kuma da yawansu a cikin Mata Masu Dubara suka samo su. An ɗaga kason zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019.

Ta fuskar bincike, cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, wadda Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou ke cikin jagororinta, ta bi diddigin mulkin karkara a sassan ƙasar da kuɗin masu tallafi. Abin da ta gano bai yi wa masu ba da kuɗin daɗi ba: kwamitocin da porje ke kafawa galibi suna mutuwa ranar da motar porje ta daina zuwa, kuma rikicin gidajen sarauta ya bi 'yan takara har cikin majalisa. Harajin da magajin gari ke tarawa ma bai taka kara ya karya ba, shi ya sa yawancin gine-gine sai da hannun baƙi.

An sake zaɓen ƙananan hukumomi a 2011 da 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 masu tallafi da dama sun dakatar da kuɗinsu, kuma a Afrilun 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rusa zaɓaɓɓun majalisun, ta naɗa kantomomi a madadinsu.