Farautar Kifin Wel: Al'adar Wa Ake Karewa?

Duk lokacin da aka tayar da zancen farautar kifin wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku mai shayarwa, sai a raba mahawarar gida biyu: masu kare al'ada da masu kare dabba. Wannan rabo yana ɓoye gaskiya, domin yana haɗa mafarautan ƙauye da manyan kamfanoni a inuwa guda.

A ƙarni na 20 an kashe wel kusan miliyan uku, akasari da jiragen masana'antu na Norway da Birtaniya da Japan da Tarayyar Sobiyet, don man da ake yin sabulu da bota. Wannan ɓarna ce ta sa Hukumar Kula da Farautar Wel ta Duniya, wadda aka kafa a 1946, ta zartar da dakatar da farautar kasuwanci a 1982.

To, amma a dubi abin da ya sami mutanen Inupiat na arewacin Alaska. Da bazara, idan ƙanƙara ta tsage, maza kan tura jirgin da aka lulluɓe da fatar dabba, su yi kwanaki suna dako a bakin ruwa. Idan an dace, gari duka ke fitowa jan igiya, gidan shugaban jirgi ya dafa ya ciyar da kowa, a kai wa dattawa da zawarawa rabonsu. A 1977 hukumar ta hana su farauta, bisa ƙidayar da ta nuna wel ɗinsu ya kusa ƙarewa. Mafarautan suka ce masu ƙidaya ba su ga waɗanda ke wucewa ƙarƙashin ƙanƙara ba. Da aka saka na'urorin sauraro cikin ruwa, sai maganarsu ta tabbata. A ƙidayar 2011 adadin ya haura 16,000, alhali ana farautar bisa kason da aka yanka musu.

Japan kuwa labarinta daban ne. Ba a musun cewa garin Taiji ya gaji sana'ar tun ƙarni na 17. Sai dai zuwa tekun Antatika a shekarun 1930 aka fara shi, naman kuma bayan yaƙin duniya na biyu ya game ƙasa, lokacin yunwa. A 2014 Kotun Duniya ta yanke cewa farautar da Japan ke kira ta bincike a can ba ta bincike ba ce. A 2019 Japan ta fice daga hukumar.

Ina ganin duk mai da'awar al'ada ya kamata a tambaye shi inda naman ke zuwa, da kuma ko ya yarda a ƙidaya abin da ya rage. Zancen azabar da dabbar ke sha kafin ta mutu yana nan, kuma ya hau kan kowa. Shi ya sa Inupiat da kansu suka karɓi mashi mai fashewa da ke gaggauta kisa.