Zubin da ba lallai a kwasa ba: tarihin inshorar lafiya a biranen Najeriya

A 1962 Dakta Moses Majekodunmi, ministan lafiya a gwamnatin Tafawa Ɓalewa, ya kai wa majalisa wani ƙuduri: mutanen Legas su riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa, ranar da ciwo ya zo a duba su ba tare da an tambaye su ko sisi ba. Ƙungiyar likitoci ta ƙi amincewa, maganar ta bi ruwa.

Mutane ma ba su damu ba, don a lokacin asibitin gwamnati kusan kyauta ne, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma ya ƙara rufa asiri. Sai a 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, magani ya yi tsada. Daga nan 'yan jinya suka saba da tsayuwa a ƙofar ɗakin marasa lafiya riƙe da takardar likita, ana ce musu a je kemis a sayo ledar ƙarin ruwa, sirinji, har da safar hannun da za a duba majinyacin da ita. Asibitin kuɗi kuwa, sai an ajiye kafin alƙalami ake ba da gado.

A wannan yanayi ne inshorar lafiya mai zaman kanta ta samu gindin zama, amma a ofis ta samu, ba a kasuwa ba. Bankuna da kamfanonin mai sun daɗe suna ƙulla yarjejeniya da asibitoci don ma'aikatansu. A shekarun 1990 kamfanonin da ake kira HMO, irin su Hygeia a Legas, suka shiga tsakani: su karɓi kuɗi daga kamfani, su biya asibiti. Wato tun asali mai saye shi ne ubangidan aiki. Ma'aikaci kati kawai ake miƙa masa.

Gwamnati ta biyo baya. An kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da doka ta 35 a 1999, Obasanjo ya ƙaddamar da ita a 2005. A takarda, gwamnati za ta zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, amma ƙungiyoyin ƙwadago suka turje a kan nasu kason. Idan mai albashi ya ja da baya, ina ga wanda sai ya fita ya nema?

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba rashin kuɗi ne ya hana shi shiga inshora ba. Wani ya fi ma'aikacin banki samu nesa ba kusa ba. Kuma ya san zubi sarai, yana adashi, yana ba da gudummawa idan an kwantar da ɗan'uwa. Sai dai a adashi kowa yana da ranar kwasa, nan kuwa wanda ya shekara lafiya lau ba ya karɓar komai, abin da ya kamata ya gode wa Allah a kai amma yake gani kamar an ci kuɗinsa. Wasu na ganin biyan kuɗin ciwon da bai zo ba tamkar yi wa kai fata ne. Ga fatawar malamai da dama cewa inshorar kasuwanci tana da garari da kamannin caca. Sannan ga labarin masu katin kansu: a zaunar da mutum a benci ana jiran HMO ta turo lambar amincewa, mai kuɗi a hannu ya zo ya wuce. A ganina wannan na ƙarshe ya fi komai kashe wa mutane gwiwa, don kowa ya san wani da ya taɓa shan wannan zaman.

Arewa ta nemi mafita ta hanyar sauya tsari da suna. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, a 2013, Kano kuma ta yi dokarta a 2016 ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Nan ma da ma'aikatan gwamnati aka fara, tunda su ake iya cire wa daga tushe. Ghana tun 2003 ta bi wata hanyar, ta ɗora kashi 2.5 cikin ɗari a kan harajin kayan masarufi, kowa na biya ko bai lura ba.

Har zuwa 2022, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fita. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Mai albashi dai an san inda za a kama shi. Mai shayi, ɗan adaidaita da mai ɗinki a Sabon Gari kuwa, sai wakilin hukuma ya taka ya same su a bakin sana'a, ya roƙe su su sabunta kowace shekara.