Tarihin Hutun Jinya Mai Albashi a Amurka da Darasin Annobar Korona

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi diddigin haƙƙin da ke kan mai ɗaukar ma'aikaci na biyansa albashi a lokacin da ciwo ya kwantar da shi, musamman a lokacin annoba. An zaɓi ƙasar Amurka ne domin ta daɗe ba ta da dokar tarayya da ta wajabta wa kamfanoni masu zaman kansu wannan biya, har sai da annobar korona ta tilasta mata a shekarar 2020.

2.0 Asalin Al'amarin

Tushen wannan haƙƙi a dokokin zamani yana komawa ne ga ƙasar Jamus, inda gwamnatin Bismarck ta kafa dokar inshorar lafiya a 1883. Ma'aikata ke biyan kashi biyu cikin uku na kuɗin asusun, masu masana'antu su biya ragowar, kuma majinyaci yana samun tallafi har tsawon mako 13. Amurka ba ta bi wannan sawu ba. Dokar da ta kafa a 1993 ta ba ma'aikaci hutun mako 12 ne kawai ba tare da albashi ba, kuma ta shafi wuraren da ke da ma'aikata 50 zuwa sama. Wannan giɓi ya sa birane da jihohi suka shiga yin nasu dokokin. Birnin San Francisco ya fara a 2006, sai jihar Connecticut ta biyo baya a 2011.

3.0 Dokar 2020

Hujjar masana lafiya a bayyane take: wanda zai rasa abincin iyalinsa in ya zauna gida, zai fita aiki da ciwonsa, ya shafa wa wasu. Saboda haka, ranar 18 ga Maris, 2020, Shugaba Donald Trump ya sanya hannu a kan dokar da aka fi sani da FFCRA, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu.

Dokar ta wajabta wa kamfanonin da ma'aikatansu ba su kai 500 ba su ba da hutun jinya har na awa 80, wato mako biyu. Wanda ke killace, ko yake neman gwaji saboda alamun cutar, yana karɓar cikakken albashi, amma bai wuce dala 511 a rana ba. Mai jinyar wani kuwa, ko mai kula da yaran da aka rufe makarantarsu, yana karɓar kashi biyu cikin uku, bai wuce dala 200 a rana ba. Gwamnati kuma tana mayar wa kamfani abin da ya kashe ta hanyar rangwamen haraji. Ke nan nauyin bayarwa yana kan kamfani, nauyin kuɗi kuwa yana kan baitulmali.

Sai dai dokar ta bar baya da ƙura. Ba ta shafi manyan kamfanoni ba, kuma ta yarda a ware ma'aikatan lafiya da na agajin gaggawa, alhali su ne suka fi kusantar cutar. A watan Agusta na 2020 wata kotun tarayya a New York ta soke faffaɗar ma'anar da Ma'aikatar Ƙwadago ta bai wa "ma'aikacin lafiya", abin da ya sa aka taƙaita ta a watan Satumba.

4.0 Kammalawa

Wajabcin ya ƙare ranar 31 ga Disamba, 2020, ana tsakiyar annoba. Abin da ya rage shi ne rangwamen haraji ga kamfanin da ya ga dama, shi ma ya ƙare ranar 30 ga Satumba, 2021. Daga nan lamarin ya koma hannun jihohi da birane. Wannan tarihi ya nuna cewa haƙƙin da tsoro ya haifar ba ya daɗewa, matuƙar ba a kafa shi a kan tsari mai ɗorewa tun kafin annoba ta zo ba.