Asalin Kalma: Swimbait

Masu fatsa a Amurka ne suka haɗa wannan kalma daga kalmomin Turanci biyu: swim, wato iyo, da bait, wato koton da ake maƙalawa a ƙugiya. Ma'anarta ke nan, koto mai iyo. Ita bait ba 'yar gida ba ce a Turanci. Ingilawa sun aro ta daga tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, inda beita ke nufin sa dabba ta ciza ko ta yi kiwo, kuma tushenta ɗaya da bite, cizo.

Sunan ya yi ƙarfi ne a kudancin Kalifoniya wajen ƙarshen shekarun 1980. A lokacin hukuma na zuba kifin trout a tafkuna irin su Castaic da Casitas, manyan kifayen bass kuma suka mai da shi abincinsu har suka yi ƙiba. Sai masunta suka fara ƙera kifin ƙarya mai kama da trout, wasu da katako, daga baya da roba mai laushi. Wutsiyarsa shafaffiya ce, tana kaɗawa hagu da dama idan ana janyo zare a hankali.

Yanzu kalmar ta yi faɗi, har ta so ta yi yawa a ganina. Ɗan ƙaramin kifin roba mai inci 3 da ƙato mai inci 12, duk swimbait 'yan kasuwa ke ce musu. Tsutsar roba dai, wadda Nick Creme ya ƙera a Ohio a 1949, ba ta shiga wannan suna ba, don siffarta ba ta kifi ba ce.