Asalin Kalma: Shahada

Daga Larabci muka aro "shahada", tushenta ɗaya da "shaida": shahidi da ransa ya ba da shaida. A unguwannin Nima da Maamobi an fi jin ta a bakin malamai, amma Kiristoci Hausawa ma da ita suke ambaton Istifanus, wanda aka jefe har lahira bai saki bangaskiyarsa ba. Cocin Katolika na Mamprobi sunan shahidan Uganda ya ci.

Ni dai duk 28 ga Fabrairu sai ta faɗo min a rai, ranar da ake ajiye furanni don Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, tsofaffin sojojin da aka harbe a mararrabar Christiansborg a 1948, suna hanyar kai kokensu ga Gwamnan mulkin mallaka.