Daga Barga Ake Cin Kofi: Tarihin Ƙwallon Dawaki Tsakanin Ikko da Katsina

Jama'a, yaro ɗan Agege in ya ji an ce doki, hawan sallar Kano ko Zazzau ne ke faɗo masa a rai. Alhali kuwa nan Ikko ma doki yana da tsohon tarihi, kuma da hannun mutanenmu a ciki.

Turawan mulki ne suka kafa kulob ɗin ƙwallon dawaki, wato folo, na Ikko a 1904, wanda ke Ikoyi. Can Arewa kuwa, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko shi ya rungumi wasan, ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya shahara har matsayinsa ya kai 7.

To, mene ne wannan matsayi? Kowane ɗan wasa ana auna gwanintarsa daga 2 ƙasa da sifiri har zuwa 10. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare. Sai a tara matsayinsu, ɓangaren da ya gaza a ba shi ƙwallayen rara tun kafin a fara, don kada manya su danne ƙanana. Ana yin wasan zango-zango, kowane zango minti 7, sannan a sauya doki. Da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda. In an ci ƙwallo sai a musanya gida. Babban laifi shi ne gitta wa mai bin layin ƙwallo, don nan ne ake karya doki da mahayi. Da wannan ƙa'ida ake neman manyan kofuna, irin su Kofin Majekodunmi a Ikko da Kofin Georgian a Kaduna.

Amma fa duk gwanintar mahayi, sai doki ya iya tsayawa cak, ya juya nan take, bai tsorata da sanda ba. Wa ke koya masa? Ɗan barga, mai yankan ciyawa da kilisar asuba. Da yawansu a Ikoyi 'yan uwanmu ne 'yan Arewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin watanni ne ake gani a minti 7. Ga shi kuwa ba a rubuta sunansu a jikin kofi.

A Ingila, a 2009 aka kafa ƙungiyar wata gasa wadda ba a hawa sam. Mai doki yana ƙasa, yana bi da dokinsa ta cikin shingaye da ƙananan gadoji, alƙalai na ba da maki bisa jituwarsu. Wato dai aikin ɗan barga ne ya zama abin ba da lada.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu, a nemi tsofaffin 'yan bargan nan a rubuta abin da suka sani tun suna raye. Allah Ya sa mu dace, amin.