Hàbīlà

Hàbīlà [karin sauti: ƙasa-sama-ƙasa; ī dogo] *sn., nj.*, jam'i: *su Hàbīlà*, ba shi da siffar mace. Wata siga: Hàbīlù, a bakin Musulmi.

*Asali:* Ibr. *Hebel*, ta hanyar Lar. *Hābīl*. A Ibrananci: numfashi, tururi, abin da ba ya daɗewa, ma'anar ta dace da gajeren ran Habila ɗan Adamu. Wasu masana na danganta shi da Akadiyanci *aplu*, wato ɗa, magaji.

1. Ɗan Adamu da Hauwa'u na biyu, makiyayin tumaki. Allah ya karɓi baikonsa, ya ƙi na wansa Kayinu, manomi; wan ya kashe shi a jeji saboda hassada (Far. 4, dubi Mat. 23:35, Ibraniyawa 11:4). *Jinin ~*: jinin wanda bai ji ba, bai gani ba.

2. (Mus.) Ɗaya daga 'ya'yan Annabi Adamu biyu na Suratul Ma'ida, aya 27–31, wanda ɗan'uwansa ya kashe, inda hankaka ya nuna wa mai kisan yadda zai binne gawa. Alƙur'ani bai ambaci sunan Habila ba. Tafsiri ne ya kawo shi. *Ƙissar ~ da Kabila.*

3. Sunan yanka na namiji, ya fi yawa a gidajen Kiristocin Arewa. Akan mai da shi sunan uba, mis. marubuci Helon Habila na Kaltungo, Gombe, wanda ya ci kyautar Caine a 2001. *~ ya kora awaki daga Kangire zuwa kasuwar Birnin Kudu. Baba ~ yana Gwaram.*

*Dangi:* Kàbīlà, Kàbīlù (Lar. *Ƙābīl*), wato Kayinu.